Malamai, mu daina miƙa wa mai buga takardu tambayoyin lissafi

A jarrabawar gwaji ta BECE da muka yi wa 'yan ajinmu na ƙarshe a nan Kumasi, na rubuta tambaya da hannuna: x² − 5x + 6 = 0. Aka kai wa mai buga takardu a bakin titi, ta dawo x2 − 5x + 6 = 0. Ƙaramin 2 ɗin nan ya sauko ƙasa. Yara da yawa suka karanta shi 2x, suka yi aikinsu tsaf, suka samu x = 2. Abin haushin, 2 ɗin tana cikin amsoshi biyu na gaskiya, wato 2 da 3. To yaya zan ba da maki? Yaron bai yi kuskure ba, abin da aka ɗora masa a gaba ya amsa.

Ban ga laifin mai bugawa ba, ba malamin lissafi ba ne. Laifin namu ne da muke ɗaukar tsara rubutun lissafi a matsayin ado. A lissafi, wurin da lamba ta zauna yana cikin ma'anarta. In ka rubuta 1/2x a layi ɗaya, wani zai ce rabin x ne, wani ya ce 1 a raba da 2x. Mu da muka san rabon gado, ai ba ma wasa da bambancin sudusi da sumuni.

Maganin kuwa kyauta ne. Akwai manhajar Maxima, wadda ta samo asali daga Macsyma ta jami'ar MIT a Amurka, da wxMaxima mai nuna aikin a allo. In ka sauke su sau ɗaya, ba ka ƙara buƙatar data. Ka buga 1/2*x, ta nuna maka x a sama, 2 a ƙasa. Ka buga 1/(2*x), ta ɗora 1 a sama, 2x a ƙarƙashin layi. Nan take za ka ga ko abin da ke ranka shi ka rubuta, tun takarda ba ta kai hannun yaro ba. Umarnin tex() kuma yana fitar da lissafin cikin tsarin TeX, wanda Donald Knuth ya fitar a 1978 bayan ya ga yadda maɗaba'a ta ɓata masa fasalin littafinsa. Farfesa guda ya ajiye aikinsa don wannan, balle mu.

Amma fa a yi hattara, manhajar tana da karambani. Ka ba ta 6/8, kafin ka ƙifta ido ta mayar da shi 3/4, alhali tambayarka ke nan ga yaro. Ta taɓa yi mini haka. Don haka ni da ita nake duba amsa da fasali, sannan in rubuta tambayar a Word, inda danna Alt da = ke buɗe wurin rubuta lissafi.

Na san za a ce ina kwamfutar, ina wutar? Gaskiya ne, makarantunmu na zango da dama ba su da ita. Sai dai kuɗin da muke biyan mai bugawa kowane zangon karatu ba kaɗan ba ne, kuma a kwalejin horar da malamai an koya mana buga wasiƙa, ba wanda ya nuna mana wannan. Roƙona ga shugabannin makarantu: kwamfuta ɗaya a ofis, yini ɗaya a koya wa malaman lissafi, kuma kada takarda ta shiga injin kwafi sai wanda ya tsara tambayar ya karanta ta layi-layi ya sa hannu.