Asalin Alex Haley: Ƙishirwar Sani Ba Ta Zama Hujja

A shekarar 1976 ne marubucin nan baƙar fata ɗan Amurka, Alex Haley, ya fitar da littafinsa mai suna Roots, inda ya ce ya bi salsalar danginsa na wajen uwa har zuwa kan wani saurayi, Kunta Kinte, wanda aka kama kusa da ƙauyen Juffure na ƙasar Gambiya a 1767, aka zuba shi cikin jirgin ruwa Lord Ligonier zuwa garin Annapolis. A 1977 aka mai da littafin wasan talabijin, Amurkawa kuwa suka yi ca a kansa.

Ban ga laifin ƙishirwar Haley ba. Mu da kowannenmu zai iya ambata kakansa da garin da ya taso, da wuya mu gane zafin wannan rashi. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1850 da ta 1860, ba a rubuta sunan bawa. Shekarunsa da jinsinsa da launinsa kawai ake sawa ƙarƙashin sunan ubangidansa, tamkar lissafin dabbobi. Sai a ƙidayar 1870, bayan an haramta bauta, akasarin baƙar fata suka bayyana da sunayensu. Duk mai neman kakanninsa kafin nan, lalube yake yi cikin duhu.

Amma fa tausayi daban, hujja daban. Dattijon da ya ba Haley labarin Kunta Kinte a Juffure a 1967, Kebba Fofana, masu bincike sun gano daga baya cewa ba ƙwararren ma'ajin tarihi ba ne, kuma labarin abin da baƙon ke nema ya riga shi isa ƙauyen. Wanda ya taɓa ganin yadda maroƙi ke ƙaga wa mai kyauta asali ba zai yi mamaki ba. Bugu da ƙari, a 1981 masana salsala Gary da Elizabeth Mills suka nuna cewa bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta, yana cikin takardun iyalan Waller na Virginia tun 1762, wato shekara biyar kafin jirgin ya iso. Ga kuma ƙarar satar fasaha da Harold Courlander ya kai, wadda aka sasanta da kuɗi a 1978.

A ganina, wanda ya faɗa wa maraya abin da yake son ji game da ubansa ya cuce shi, ko da niyyarsa alheri ce. Malaman hadisi da suka dage kan tantance mai ruwaya kafin a karɓi zancensa sun san abin da suke gudu.

Haley ya rasu a 1992. A 2007 ɗan ɗan'uwansa ya yi gwajin ƙwayoyin halitta, sakamakon kuma ya ƙarfafa wani tsohon zancen gidansu: ta wajen uba, jininsu na komawa ga wani Bature mai lura da bayi a gandu, wanda asalinsa Sikotilan ne.