A Ba Masu Gudu Gefen Ruwa a Legas

Tun daga shekarar 2016 ake shirya gasar gudun famfalaki a birnin Legas. Dubban mutane kan fito, a rufe manyan tituna, a wasu shekarun a bi ta kan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Abraham Kiptum na ƙasar Kenya ne ya lashe ta farko, kuma mutanen gabashin Afirka ne suka ci gaba da kwashe manyan kyaututtuka. Abin tambaya shi ne, idan an tashi daga gasa an buɗe tituna, a ina ɗan Legas zai yi atisaye?

Tsawon gasar kilomita 42 ne da 'yan kai. Duk mai son kammala ta sai ya saba da gudun kilomita 20 zuwa 30 a tashi ɗaya. Wurin da masu sassarfa suka fi so shi ne gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013 a kan ruwan Five Cowrie. Wuri ne mai kyau da iska, ban musa ba. Amma tsawonta kilomita 1.36 ne kacal, wato mai neman kilomita 20 sai ya tsallaka ta kusan sau 15, kamar mai neman kuɗin da ya yar. Kuma talakan Agege ko Mushin, nawa zai kashe kafin ya isa can da asuba? Lambunan Alausa da na Muri Okunola kuwa na zaman hutu ne. Abin da ya rage shi ne bakin titi, inda mutum ke shaƙar hayaƙin danfo yana tsallaken kwata.

Ni a nawa ra'ayin, filin da ake nema yana nan, ba mu dube shi ba ne kawai. Legas gari ne na ruwa, ga ƙoramu, ga manyan magudanan ruwa da suka ratsa unguwanni. Doka ta hana gini a gefensu, shi ya sa a 2023 gwamnati ta rushe gidaje a yankin Ikota. To bayan rusau sai me? Filin da aka bari haka nan, bola yake komawa, robobi su toshe ruwa, damina ta zo a yi ta kukan ambaliya kamar yadda aka gani a watan Yulin 2024. Da za a daɓe siririyar hanya a wurin, a dasa itatuwa, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, da ƙafar jama'a ce za ta yi gadinsa. Mutum kan ji nauyin juye shara a inda maƙwabtansa ke wucewa kullum.

An yi irin wannan a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. A 2003 suka fara rushe gadar sama da ta rufe ƙoramar Cheonggyecheon, a 2005 suka buɗe ta da hanyar ƙafa a gefe. Sun kashe kuɗi masu yawa, mu kuwa ba sai mun rushe wata gada ba.

Akwai inda nake jin tsoro. Ba kowa ne ya yi gini a bakin ruwa don son zuciya ba, wasu rashin wuri ne ya kai su. Mutanen Otodo-Gbame da aka tasa a 2016 da 2017 masunta ne. Idan za a kori talaka don mai kuɗi ya rage tumbi, ba na goyon baya. A fara da wuraren da aka riga aka share, kuma kada a sa ƙofa ko kuɗin shiga. Mai tallar lemo da mai tura baro su ma su bi, domin hanyar da mutane suka cika ita ce mace za ta yarda ta yi gudu a kai da ƙarfe shida na safe.

Hukumar LASPARK mai kula da lambunan jihar ta iya gwadawa da kilomita 5 a gefen magudana guda a Surulere, kusa da babban filin wasa, a ga ko mutane za su fito.