Litar Fetur da Gonar Tattasai a Bakin Komadugu

Duk wanda ya bi bakin kogin Komadugu da sassafe a watan Nuwamba, daga Shetimari zuwa Difa, ko daga Difa ya nufi Geskeru, abin da zai fara cika masa kunne shi ne ƙarar injinan ban ruwa. Kowane inji da tiyonsa a cikin kogi ko a cikin rijiya, kowane kuma da jarkar fetur a gefensa. Tattasan nan da ake yi wa kirari da jan zinariyar Manga, wanda ya ɗaukaka sunan jihar Difa a kasuwannin Nijar da na Najeriya, ba ruwan sama kaɗai yake sha ba. Daga ranar da damina ta ɗauke har zuwa tsinka ta ƙarshe sai an ɗebo masa ruwa, ruwan kuma ba ya hawa gaɓa sai da mai. Saboda haka muhawarar da ake yi a kan kuɗin mai, ko gwamnati ta ci gaba da sauƙaƙa shi ko ta bar shi ya bi kasuwa, ba maganar masu motocin Yamai ba ce kurum. Maganar abincin manomi ce, da tufafin iyalinsa, da bashin da zai biya bayan kaka.

Ya kamata mu fara da faɗin gaskiyar da kowa ya sani a Difa, ko da yake ba a cika rubuta ta ba. Shekaru da dama noman rani na bakin Komadugu ya dogara ne ga rangwamen wata ƙasa. A wancan lokaci gwamnatin Najeriya tana biyan wani kaso na kuɗin kowace lita domin jama'arta, man kuwa yana ƙetaro kogi a jarkoki, ƴan ruwa-ruwa su zuba shi a kwalabe su jera a bakin hanya. Manomi ya saba, ya gina lissafin gonarsa a kan wannan araha, ba tare da yana da ta cewa a kanta ba.

Sau biyu cikin shekara goma wannan lissafi ya rushe. Na farko a watan Fabrairu na 2015, lokacin da Boko Haram ta kai hari Boso da garin Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an hana cinikin tattasai da na kifi, an taƙaita sayen fetur da takin zamani, domin kada su faɗa hannun ƴan ta'adda. Dalilin hukuma a fili yake, to amma gonaki da yawa sun bushe, kuma sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai. Na biyu a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa rangwamen mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Ba a shawarci manomin Geskeru ba, babu ma dalilin da zai sa a shawarce shi, amma shi ne ya tsaya a bakin injinsa yana ƙirga abin da ya rage a aljihu.

Wani zai ce ai mu ma muna da namu man, kuma daga jihar Difa yake fitowa. Haka ne. Ɗanyen man Agadem yana bin bututu zuwa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga 20,000 a yini. Tun 2024 kuma wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya soma kai ɗanyen zuwa bakin teku a ƙasar Benin. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita a gidajen mai: fetur daga faran 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Jama'a sun yi marhabin da wannan mataki, kuma sun yi gaskiya, domin ya zo a lokacin tsadar rayuwa. Sai dai a watan Maris na 2025 kowa ya ga layukan motoci da babura a gidajen mai na ƙasa. Waɗanda dā suke saye a kwalba duk sun komo gidan mai, matatar Damagaram kuwa ta kasa ɗaukar buƙatar ƙasa baki ɗaya. Kamfanin SONIDEP, wanda ke da nauyin raba mai tun 1977, sai da ya nemo ciko daga waje.

To bari mu yi ɗan lissafi irin wanda duk mai takardar yaƙi da jahilci zai iya yi a kan allo. Ragin da aka yi wa fetur faran 41 ne a lita, wato dala takwas da tamma guda. Manomin da injinsa ya sha lita uku a yini ya sami sauƙin faran 123. Mai babbar mota da ya cika tankinsa da lita 60 ya sami sauƙin faran 2,460 a tsayuwa ɗaya. Ba laifin mai motar ba ne, haka rangwamen lita yake: wanda ya fi ƙona mai shi ya fi cin gajiyarsa, wanda kuwa ba shi da inji, makiyayi ne ko mai sayar da itace, kusan ba ya ganin komai sai ɗan abin da ya ragu a kuɗin mota. Ban da wannan, mai mai araha ba ya zama wuri ɗaya. Maƙwabciyarmu Chadi ta ɗaga litar fetur zuwa faran 730 a watan Fabrairu na 2024. Inda duk aka sami irin wannan tazara tsakanin ƙasa da ƙasa, jarka za ta nemi hanya. Mu da muka daɗe muna shan rangwamen Najeriya mun fi kowa sanin yadda ake yi.

Ba muna kira ba ne a ɗauke sauƙin nan dare ɗaya. Najeriya ta gwada haka a watan Janairu na 2012, ƙasar ta tsaya cik da yajin aiki har sai da aka mai da wani sashe na rangwamen. Abin da muke so ma'aikatan hukuma su duba shi ne, abu biyu ne ake haɗawa cikin kalma ɗaya idan ana maganar tallafi. Akwai rangwame, wanda ake yi maka duk ranar da ka je saye, gobe ma sai an sake. Akwai kuma jari, wanda ake ba ka sau ɗaya ka tsaya da ƙafarka. Manomin Komadugu ya sha rangwame shekara da shekaru, na waje da na gida. Jari ne bai samu yadda ya kamata ba.

Jarin da muke nufi shi ne famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wannan ba baƙon tunani ba ne a Nijar. Tun 1965 ƙasarmu ta kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985. A wancan zamani allunan sola sun fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Yau kuɗinsu ya faɗi ƙwarai a kasuwannin duniya, har ana ganinsu a kan rufin shaguna da ɗakunan shan magani na ƙauye. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke mana wuta bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke ƙonawa daga can take zuwa. Darasin da birane suka koya a wannan shekara, shi ne manomin tattasai ya koya a bakin rijiyarsa.

A Difa kuma akwai wani dalili. Jarkar fetur a yankin da ake fama da ƴan bindiga abin tuhuma ce. Soja yana da hujjar tsayar da ita, manomi yana da hujjar ɗaukar ta, kuma tun 2015 wannan ya sha haddasa ɓacin rai tsakanin mutanen da ya kamata su dogara da juna. Famfon da ba ya shan mai yana rage wannan tirka-tirka tun daga tushe.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe musu baki ba. Injin fetur yana da sauƙin saye, mutum ɗaya yana saɓa shi a kafaɗa ya gudu da shi in ruwa ya taso ko in tsaro ya lalace, kuma kowane makaniki na kasuwar Difa ya san cikinsa. Famfon sola kuwa kuɗinsa na farko yana da nauyi, ba ya aiki da dare, ƙarfinsa yana raguwa idan ƙurar hunturu ta rufe sama, ɓarawo kuma yana son allo kamar yadda yake son akuya. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 sun nuna cewa duk abin da aka kafa a ƙasa kusa da gaɓa yana cikin haɗari. Sannan ga babbar magana, ta ruwa. Wanda yake sayen mai yana kashe inji da zarar kwami ya cika, wanda rana ke yi wa aiki kyauta yana iya barin famfo ya yi ta zuba. Komadugu ba ya gudu shekara cur, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, ruwan da yake iso mu yana hannun wasu kafin ya zo namu. Ƙasar Indiya, wadda ta kafa babban shirin tallafa wa manoma da famfon sola a 2019, tana fama da wannan tambaya ta ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Duk waɗannan matsaloli ne na tsari, kuma aikin ma'aikata ke nan. A zaɓi allunan da ake iya ɗorawa a kan amalanke a kai gida da yamma. A bi ta ƙungiyoyin manoma, a ba da kayan bashi, hukuma ta ɗauki wani kaso, manomi ya biya saura bayan ya sayar da tattasai, ba wata-wata kamar mai albashi ba. Kada a raba famfo ɗaya sai an horar da samarin da za su gyara shi, an kuma tabbatar akwai kayan gyara a Difa da Maine-Sorowa, ba sai an aika Yamai ba. Ma'aikatar ruwa da ONAHA su riƙa auna zurfin rijiyoyi kowace shekara. Injin fetur kuma ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana.

Ina kuɗin za su fito? Dokar man fetur ta ƙasarmu ta tanadi a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙo mai kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ake samu daga gare shi. Man Agadem zai ƙare wata rana, kamar yadda kowace rijiya take ƙafewa, kuma abin da za a tambaya shi ne me aka bari a madadinsa. Muna ganin ya dace a ware wani sashe sananne na wannan kaso domin ban ruwa da hasken rana a komin-komin na bakin kogi, tun daga Maine-Sorowa har Boso. A kuma rubuta adadin da ya shigo da inda ya tafi, da Kanuri da Hausa da Fulfulde, a liƙa a ƙofar kowane ofishin magajin gari kafin a yi dashen tattasai na baɗi, domin manoman da suka koyi karatu su karanta wa ƴan uwansu.