Gawon da ke Gonar Talaka, na Wa Ne?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan bokon jihar Tawa, daga majalisar shayi har ɗakin malamai na lakwal: wai zancen canjin yanayi da dokokinsa zancen Turawa ne, ko na manyan Yamai masu zuwa taro ƙasashen waje, shi kuwa talakan Tabotaki ta gundumar Buza ya ji da hatsinsa. Sukan ƙara da cewa hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan an gwada shi da na Amurka ko na Sin, saboda haka wanda ya ɓata shi ya gyara. Batun hayaƙin gaskiya ne. Sauran maganar kuwa lalaci ne aka naɗa wa rawani, kuma tarihin ƙasar Adar kaɗai ya isa ya ƙaryata ta.

A tuna yadda aka yi da itace. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda Faransa ta shimfiɗa wa ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ta ɗora hannun hukuma a kan daji, kuma dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Gawo na cikin itatuwan da aka kare. Manomi na iya gadon gona daga kakanninsa, amma idan ya sare reshen gawon da ke tsakiyarta ba da takarda ba, sai ya haɗu da ma'aikacin gandun daji da tara. To, abin da ba naka ba, wanda kuma zai jawo maka tara, wa zai rene shi? Manoma da dama suka gwammace su cire tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama abin ƙara. Farin shekarun 1973 da 1984 ya yi tasa ɓarnar, babu mai musu, amma ya tarar da gonakin da doka ta riga ta taimaka wajen aske su.

Mutanen wannan yanki ba labari aka ba su ba. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka soma dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, a kwarin Majiya don su tare iskar da ke kwashe ƙasa. Da itatuwan suka isa sara, sai tambaya ta taso: na wa ne? Na mai gona, na garin da ya yi aikin, ko na gwamnati? A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, da hannun FAO da abincin PAM. Mata ne suka yi mafi yawan wahalarsa. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan tuddai don su tsare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a fakon da aka riga aka yanke wa ƙauna. A wannan zamanin ne kuma manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rene su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin ƙasar.

Ita doka tana ina duk wannan lokaci? Tana baya, tana jan ƙafa. Dokar karkara ta zo a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, kuma sai ranar 30 ga Yuli 2020 aka sa hannu a kan dokar da ta tsara sassaben zamani, ta amince da haƙƙin manomi na cin moriyar itacen da ya rena a gonarsa. Kusan shekara 40 ke nan tsakanin aikin hannu da sa hannu. Wanda ya ce talaka ba ya da ta cewa a sha'anin doka, sai ya faɗi wa aka bi a nan. Da a ce masu alƙalami na karkara sun tsaya wa masu gatari da hauya tun farko, da wuya jiran ya kai haka.

Laifin malamai bai tsaya ga jiya ba. Dokar 2020 da Faransanci aka rubuta ta, alhali wanda aka yi ta dominsa da Hausa yake kwana yake tashi. Manomin da bai san haƙƙinsa ba har gobe tsoron 1935 yake ji, kuma idan ya gamu da ma'aikaci marar tsoron Allah, zai biya abin da ba a binsa. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a rubuce cikin kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar. An yi ta murna, an yi ta jawabi. Shin ƙungiyar raya al'adu nawa ce ta zauna ta fassara wannan doka, da boko da ajami, ta kai wa gidan rediyon karkara? Shirya kokowa da wasan kwaikwayo abu ne mai kyau, amma al'adar da ba ta iya faɗa wa mai gona abin da yake nasa tana da sauran aiki.

Sannan akwai murhu, wanda masu taron yanayi ba su cika son ambato ba. Mafi yawan gidajen Nijar da icce suke girki. Inda icce ya yi wuya, mata kan koma ga kara da kashin shanu, wato su ƙone abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Duk dokar da ta ce a kare itace ba ta ce ga abin da za a hura ba, uwar gida ta ɗora wa laifi. Nan ne ya kamata jama'a su matsa: a rubuta a doka yadda tukunyar gas da murhu mai tsimin icce za su iso ƙauye da farashin da talaka zai iya, a sauƙaƙa haraji a kan kayan wutar hasken rana, a wajabta sa wa rijiyoyin burtsatse da ɗakunan haihuwa na karkara irin wannan wuta. Ba mafarki ba ne. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, a jihar Tawa take tun 2018. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta biyo baya a 2023. A watan Agustan shekarar nan ta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, birane suka kwana cikin duhu. Mutanen ƙauyen da layin bai taɓa isowa ba ko a jikinsu. Haka kuma kwal ɗin Salkadamna da aka daɗe ana maganar kafa masa tasha: mutanen jihar da zai fito daga cikinta suna da damar tambayar ruwan da zai sha, da hayaƙin da zai bari, da garuruwan da za su ga haskensa, tun kafin a aza tubali.

Wani zai ce ai majalisar dokoki ba ta nan tun Yulin 2023, wa za a kai wa kuka? Wannan ita ce hujjarsu ta ƙarshe, kuma ita ce mafi rauni, domin dokar 2020 ma ba daga majalisa ta fito ba, daga gwamnati ta fito. Akwai ofishin ƙaramar hukuma, akwai hakimi da masu gari, akwai kwamitocin filaye da dokar karkara ta kafa tun daga ƙauye har gunduma, akwai perefe a Buza da Madawa da Keita, akwai gwamna a Tawa. Kowanensu yana karɓar takarda. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara manya kan fito dashen itace a gaban jama'a. Ranar ce ta dace malaman Tabotaki su miƙa musu takarda biyu, ɗaya fassarar dokar sassabe, ɗaya buƙatar mata a kan abin hura wuta, kowace da sa hannu da dangwalen yatsa na waɗanda aka karanta wa ita a bainar jama'a, su kuma nemi a buga musu hatimin shaidar an karɓa.