A San Cuta Kafin A Sayi Guba

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya same ni bara a 'yar gonar da aka yanka wa ajinmu bayan ɗakin kwana. Na shuka tumatir da kuɓewa, na yi ban ruwa safe da yamma, na zuba taki gwargwado. Da fari shuka ta yi kyau, har abokai suna cewa bana ɗakin cin abinci ya huta da sayen kayan miya. Ashe ban san abin da ke ƙarƙashin kunya ba. Da rana ta take sai ganye ya yi laushi kamar ba a taɓa ba shi ruwa ba, da yamma ya ɗan farfaɗo. Kafin wata guda ya yi rawaya.

Na tafi kasuwa, na kwashe labari na gaya wa wani mai sayar da maganin feshi. Ko tambayata bai yi ba, ya miƙo mini wata kwalba, ya ce wannan ba abin da ba ta kashewa. Na fesa har sau uku. Kuɗina sun tafi, na yini da ciwon kai, tumatir kuwa ya ci gaba da mutuwa. Sai da malamin aikin gona ya zo ya tumɓuke guda ɗaya ya nuna mini saiwar, duk ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli kamar an jera duwatsun wuya. Ya ce, "Ka yi ta yaƙi da ganye, alhali maƙiyin yana ƙasa."

Wannan maƙiyi wata tsutsa ce da masana ke kira nematod. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Takan huda saiwa ta shiga ta zauna tana tsotson abincin shuka, saiwar ta kumbura, ruwa ya kasa hawa. Mace ɗaya takan yi ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu cikin kamar wata guda 'ya'yan sun girma su ma sun soma nasu. Kada a rikita wannan ƙulli da na saiwar wake da gyaɗa. Na wake amfani ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, in ka murza shi da yatsa sai ya ɓalle. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne ya kumbura, ba ya ɓallewa. Har wa yau tana da 'yar'uwa da ke shiga doya, ta sa bayanta ya tsattsage ya bushe a rumbu. Abin da ya fi muni, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, watau ta ƙofar da tsutsa ta huda ne cututtukan fumfuna ke bi su ƙarasa shukar.

To, ra'ayina shi ne, mu malaman gobe bai kamata mu fita daga wannan makaranta da ilmin kwalba kaɗai ba. Ban ce maganin feshi banza ne ba, ko kusa. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, ba wanda ya san maganinta, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. A 1885 wani malamin tsirrai na Faransa mai suna Millardet ya bayyana wani haɗi na gishirin tagulla da farar ƙasa, wanda ya ceci gonakin inabi. Magungunan tagulla irin wannan su manoman koko na ƙasar Yarbawa ke fesawa don kada 'ya'yan koko su yi baƙi su ruɓe, kuma wannan cutar dankali da ta yi ɓarna a Ailan tana damun manoman Jos. Haka nan ɗan garin maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka yana hana burtuntuna a dawa, da kuɗi kaɗan. Wanda ya ce a zubar da waɗannan duka, lalle bai taɓa asarar amfanin gona ba.

Amma fa magungunan kashe tsutsar saiwa suna cikin mafiya haɗari, tun da yake cikin ƙasa ake zuba su, inda ruwan rijiya yake. Akwai wani da ake kira DBCP. A 1977 aka gane cewa ya hana ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya haihuwa, a 1979 Amurka ta hana kusan dukan amfani da shi, kuma dubban leburorin gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya sun kai ƙara daga baya a kan irin wannan lahani. Wani kuma, metil buromaid, an ga yana ɓata iskar sama da ke kāre mu daga kaifin hasken rana, aka yi yarjejeniya ƙasashe masu arziki su bar shi a 2005, masu tasowa a 2015. In waɗanda ke da safar hannu da takalmin roba da likita kusa sun ji jiki, ina ga manominmu da ke barbaɗa guba da tafin hannu, sa'an nan ya zauna ya ci rogo? Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa cuta da abokin gābarta mai rai. Misalin da ya fi burge ni a ƙasarmu aka yi shi. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara ta bar dafi a ciki, ana kiransa aflatoksin. An gano shi bayan 1960, sa'ad da 'ya'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Dafa abinci ba ya kashe dafin nan, kuma yana jawo ciwon dajin hanta. Masana na cibiyar IITA ta Ibadan da abokan aikinsu suka zaɓo iri huɗu na wannan fumfuna daga ƙasar Nijeriya, waɗanda ba sa yin dafi, suka shafa su a ƙwayar dawa da aka kashe wa ido, suka sa masa suna Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin shuka ta yi fure. Marasa dafin sai su riga masu dafin kama wuri. Ka ji yaƙi ba harbi.

Ga tsutsar saiwa ma akwai dabaru da ba su fi ƙarfin talaka ba. Kada a maimaita tumatir, kuɓewa, gauta ko barkono a wuri ɗaya, domin duk abincinta ne. A bi bayansu da hatsi. Furen marigol da muke shukawa don ado a gaban ofis, saiwarsa na fitar da abin da ke kashe ta, in an cika wurin da shi kamar wata biyu kafin a dasa. Tunkuzar 'ya'yan dogon yaro da ruɓaɓɓen takin gida suna rage ta, suna kuma ciyar da wasu fumfuna na kirki da ke cinye ƙwanta. A tumɓuke saiwar da ta kamu a ƙone, kada a bar ta a gona.

Na san wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri, manomin da cuta ta riga ta shiga gonarsa ba zai jira fure ya girma ba. Gaskiya ne. In gobara ta tashi ba a tsayawa haƙa rijiya. A ranar nan sai a nemi malamin gona ya duba, a sayi maganin da ya dace da cutar, a bi awon da aka rubuta, a rufe jiki. Amma wanda ya haƙa rijiyarsa tun da wuri ba kullum yake gudu kasuwa ba.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su ware kunya shida a gonar makaranta: biyu a sa magani, biyu a sa marigol da dogon yaro, biyu a bar su haka nan. Kowane aji ya tona saiwa ya duba, ya auna abin da aka girba, ya rubuta. Gani ya kori ji. Yawancinmu ƙauye za a tura mu, kuma can malamin makaranta shi ake kawo wa kwalba a ce ya karanta abin da ke jikinta. In ya iya cewa, "Baba, tumɓuko mini guda ɗaya in ga saiwar tukuna," to ya ceci kuɗin mutumin, watakila har da lafiyar iyalinsa.

Ni dai bana na cika kunyoyina da marigol, abokai suna ta yi mini dariya wai na bar noma na koma ado. Mu haɗu da kaka.