A TUNA DA MASU CIWON SUKARI TUN KAFIN WATA ANNOBAR

Sa'ad da annobar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko ran 27 ga Fabrairu, 2020, masu ciwon sukari duka biyu suka sha. Na farko daga cutar kanta ne: zazzaɓi kan hana insulin aiki sosai, sukari ya hau a jini, hawansa kuma ya raunana garkuwar jiki. Hatta deksametason, maganin da aka tabbatar a Ingila yana ceton waɗanda numfashi ya gagara, shi ma kan tayar da sukari.

Duka na biyu daga dokar kulle ya zo. Da aka rufe Ikko da Abuja ran 30 ga Maris, Ogun da Kano suka biyo baya a Afrilu, sai majiyyata suka maƙale a gida, ba motsa jiki, ganin likita da sayen allura suka zama jan aiki.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wajibi ne gwamnatoci su tanadi insulin da na'urar awon sukari har ƙananan asibitocin karkara, kuma duk dokar kulle ta gaba ta bar wa majiyyaci hanyar zuwa asibiti. Annoba ba ta sallama.