SHIRI MAI DOGON ZANGO: WA ZA A GAMSAR?



Duk lokacin da aka saki sabon zango na wani shirin da ya daɗe, sai ka ga masu kallo sun rabu biyu. Wasu su ce an ɓata labari, wasu su ce an tsaya wuri guda ana ja musu rai. Abin dariyar, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin ƙorafin biyu: yana son sabon abu, kuma ba ya son a taɓa abin da ya saba da shi.

Ku dubi Labarina na Aminu Saira. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa a matsayin Sumayya, wane irin surutu ne ba a yi ba? Alhali abu biyu ne a gaban mai shiri: ko a sauya fuska, ko a kashe Sumayya. Da an kashe ta, wallahi kukan sai ya fi haka, domin mun ga yadda aka yi da mutuwar Mahmud. Haka Daɗin Kowa na Arewa24, da ake yi tun 2015. Yaron da ya fara kallonsa yana firamare yau ya zama saurayi. Ta yaya marubuci ɗaya zai gamsar da shi, ya gamsar da mahaifiyarsa, ya kuma jawo wanda jiya ya fara kallo? Ga Izzar So na ɗan uwanmu Lawan Ahmad, mutumin Bakori nan kusa da mu, wanda ya faro a 2020. A majalisun Funtuwa da Malumfashi za ka ji ana gardama a kan Umar Hashim kamar ɗan unguwarsu ne.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, littattafan labarin jarumai masu zane sun fi shekara 80 suna fama da shi. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962, kuma har yau ba a kai ƙarshen ko ɗaya ba. A 1992 suka kashe Superman, aka sayi littafin kamar me, a 1993 suka dawo da shi. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu dama su buga waya su zaɓa: a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi? Masu cewa a kashe suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal. Aka kashe shi, aka yi ta tsine wa kamfanin, daga baya kuma aka dawo da shi. Kun ga ko an bi ra'ayin jama'a ba a tsira ba.

Ni dai a ganina matsalar ba ta sauya jarumi ba ce. Matsalar ita ce fara labari ba a san inda zai tsaya ba. Kuma na san dalili. Shirin da ke YouTube, yawan kallo ne kuɗinsa. Ranar da aka rufe labari, abincin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu tacewa ne aka taɓa. Ba ƙaramin abu ba ne ka yanka saniyar da kake tatsa. Amma mu manoma mun sani, gonar da ake zuba wa masara kowace shekara ba hutu ba sauyi, ƙarshenta gajiya take yi, ko nawa ka zuba mata taki. Labari ma haka yake. In ya gaji, sai ka ga an koma ciko: wanda ya mutu ya dawo, wanda ya shiryu ya sake lalacewa, auren da aka jira shekara biyu a fasa shi ranar ɗauri.

Shi ya sa na yaba da dabarar Labarina ta ajiye labari guda a buɗe wani da sababbin mutane, kamar na Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ya hau. Suna bai mutu ba, ma'aikata ba su zauna ba, marubuci kuma ya samu sabon fili.

Ga masu shiri: ku saurari masu kallo, amma kada ku miƙa musu alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga mu masu kallo kuma: datar da muka saya ta ba mu ikon cewa abu bai yi ba, amma ba ta ba mu ikon zagin 'yar wani don ta karɓi aikin da wata ta bari ba.

Ku fa, wanne kuka fi so: labari ya ƙare kuna marmarinsa, ko ya yi ta tafiya har ku gaji ku bar shi?

Allah Ya sa mu dace.